Tsakanin Ƙarfe Biyu

A jikin ƙusar da ke bangon ɗakina, daidai inda mahaifiyata ta so in rataye hoton ranar da aka yaye mu daga jami'a, akwai wani faifan ƙarfe siriri mai manyan ramuka huɗu a jere, kewaye da ƙananan huji barkatai. Baƙo ba ya shigowa ya fita bai tambaye ni ko mene ne ba. Gasket ne na kan inji, wanda kanikawa ke kira tof-gasket. Wanda ya matsa kusa zai ga bakin rami na uku ya ƙone, ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Da kuɗin adashin Umma na saye shi, kuma bai cika kwana ashirin a cikin mota ba.

Motar ta mahaifina ce, Peugeot 504 doguwa, irin wadda duk Arewa ke kira Fijo. A nan Kaduna aka harhaɗa ta, a masana'antar da ke Kakuri, wadda ta fara aiki a 1975, ta kuma ci gaba da fitar da 504 har zuwa 2006, shekaru da dama bayan an daina ƙera ta a Faransa. Motar ta girme ni. Tun ban san dama da hagu ba Baba yake fita da ita bayan sallar asuba zuwa tashar Kawo, ya yi lodin Zariya, ya dawo, ya sake komawa, kilomita wajen tamanin kowane zuwa. A cikinta aka kai Umma asibiti ranar da za a haife ni, daga cikinta kuma kuɗin makarantata suka fito, tun daga firamare har na karɓi digiri a fannin injiniyan injuna. Ko da Golf da Sharon suka mamaye tasha, 'yan kamasho suna yi masa ba'a cewa ya kai ta gidan tarihi, murmushi kawai Baba yake yi, ya ce da tsohuwar zuma ake magani.

A shekarar 2023 abubuwa biyu suka faɗo mana kusan lokaci guda. Hawan jini ya kayar da Baba, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Sannan a ranar 29 ga Mayu sabon shugaban ƙasa ya sanar da cire tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Ni kuwa ban daɗe da gama hidimar ƙasa ba, ina yawo da takardu a ambulan daga wannan ofis zuwa wancan. Ni ne babba, ga ƙanne biyar a bayana. Wata safiya Umma ta ajiye mabuɗin motar kusa da kofin kokona, ba ta ce uffan ba. Na ɗauka.

Fijo mota ce mai ƙarfi da haƙuri, amma maƙogwaronta faɗi gare shi. Sai in yi sawu uku a rana, in na cire kuɗin mai da na ƙungiya da na kamasho, abin da ke ragewa da ƙyar yake isar cefane, balle maganin Baba. Da shekara ta zagayo, fetur yana ta ƙara hawa, sai na bi sahun direbobin da ke mayar da motocinsu su riƙa shan iskar gas ta CNG. Na karɓi rance, aka ɗaura mata tulun ƙarfe a baya, wanda ake cusa wa gas da matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa kusan sau 200. Aka bar tankin fetur a wurinsa, tare da makunnin da zan riƙa sauyawa daga wannan zuwa wancan. Kuɗin mai ya sauka ƙwarai, amma ƙarfin motar ya sauka tare da shi. Gas iska ce, tana cinye wurin da iskar waje za ta cika a cikin silinda, ga kuma nauyin tulun. A duk hawa, in ina da cikakken lodi, sai motar ta riƙa nishi, Golf suna wuce ni suna yi mini oda.

A nan ne karatuna ya motsa. Na san yadda abin yake: fistan yana zuƙo cakuɗin mai da iska, ya matse shi cikin wani ɗan ɗaki da ke ƙarƙashin kan inji, sannan fulogi ya kunna wuta. Gwargwadon matsewa, gwargwadon ƙarfin da ake tatsa daga man. Sai dai fetur yana da iyaka. In an matse shi fiye da kima, wani ɓangarensa yakan fashe da kansa kafin wutar fulogi ta iso gare shi, ya daki fistan kamar guduma. Ma'aunin wannan juriya shi ake kira oktan. Fetur ɗin gidajen mai yana wajen 90, gas kuwa ya kai 120. Ke nan injin da aka ƙera don fetur, in an ba shi gas, kamar doki ne da aka yi wa dabaibayi. Na yanke shawarar kwance masa dabaibayin, in ƙara matsin.

Ƙanen Umma, wanda muke kira Kawu, bakanike ne a Panteka, yana da gareji ƙarƙashin wata darbejiya. Ya fi shekara talatin yana buɗe cikin Fijo, kuma shi ne likitan motar Baba tun ranar da aka saye ta. Bai wuce aji shida ba a boko. Tun ina ɗalibi yake kirana Injiniya, ta yadda ba ka iya bambance yabo da tsokana. Na roƙe shi muka sauke tof. Na zo da sirinji da gilashi mai huji, na kife gilashin a kan ɗakin ƙonewa, na riƙa ɗiga mai ina ƙirgawa, yaran gareji sun kewaye ni suna kallo. Injin 504 ɗinmu silinda huɗu ne, faɗin kowace milimita 88, zirga-zirgar fistan milimita 81, wato kowace silinda tana ɗaukar mililita 493. Da na haɗa abin da na auna da kaurin tsohon gasket, na samu wurin matsewa mililita 62, matsin ya tashi kusan tara bisa ɗaya. A kan faɗi irin wannan, duk milimita ɗaya da aka rage tsakanin tof da fistan yana cinye wajen mililita shida. Lissafi ya nuna in aka kankare fuskar tof kaɗan, aka kuma sa gasket mai sirirta, zan sauko zuwa 55, matsin ya kai goma.

Kawu ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Injiniya, kankara dai za a yi maka. Amma wane gasket za ka sa?"

Wannan tambaya ita ce ainihin labarin. Gasket ɗin kan inji ba ya juyawa, ba ya motsi, ba ya ƙara wa mota gudu. Shimfiɗa ce kawai tsakanin gangar inji, wato bulok, da kan inji, wato tof. Amma ayyuka uku ke kansa lokaci guda. Zai tsare wutar da ke tashi a cikin silinda sau dubbai a minti ɗaya kada ta tsere. Zai tsare ruwan lagireto da ke bi ta cikin wasu hujin. Zai tsare baƙin mai da ke bi ta cikin wasu. Tsakanin wutar da ruwan, a wasu wurare, tazarar ba ta kai faɗin yatsa ba. Wahalar ba ta tsaya nan ba, domin ƙarafan da yake zaune a tsakaninsu halinsu ba ɗaya ba ne. Bulok ɗin 504 ƙarfen zubi ne, tof kuwa alminiyam. In zafi ya kama su, alminiyam yana miƙewa kusan ninki biyu na ƙarfen zubi. A kan tsawon rabin mita, daga sanyin asuba zuwa zafin aiki, bambancin ya kusa rabin milimita. Kullum aka tayar da mota tof yana zamewa a kan bulok, kullum aka kashe ta yana komawa, kuma gasket ne ke shan wannan gogayya shekara da shekaru.

Iri uku na tarar a gabana. Na farko shi ne wanda aka saba da shi a kasuwa: siririn ƙarfe mai huji-huji a tsakiya, an lulluɓe shi da wani abu mai laushi, an kuma naɗe bakin kowane rami da zoben ƙarfe don tsare wuta. A da da asbesto ake yin lulluɓin, har aka gano ƙurarsa tana lalata huhu, ƙasashe da dama suka haramta shi. Yanzu akan yi da girafait, irin baƙin da ke cikin fensir, ko da wasu zaruruwa. Yana matsuwa, yana shiga duk wani lungu da kaushi. Na biyu jan ƙarfe ne zalla, na masu tseren motoci. Na uku shi ne wanda motocin zamani ke fitowa da shi, wanda ake kira MLS: faya-fayan ƙarfe marar tsatsa, galibi uku, an ɗora su bisa juna, an tayar da ɗan tudu kewaye da kowane rami wanda ke aiki kamar sifirin, an kuma shafe su da wani irin roba da bai kai kaurin gashin kai ba. Ya fi na kasuwa jure wuta da matsi, kuma yana bin motsin tof ba tare da ya yage ba.

Ban yi dogon tunani ba. Injin da aka ƙara wa matsi, ai gasket mafi ƙarfi ya dace da shi. Na samu wani kamfani a ƙasar waje ta intanet da ke yanka irin wannan bisa oda, na aika da awo, kuɗinsa da na jigila ya ninka na kasuwa fiye da sau goma. Na je wa Umma da takarda da biro, na nuna mata cewa cikin wata huɗu kuɗin zai dawo. Ba ta fahimci lissafin ba, amma ta fahimci cewa ɗanta mai digiri ne ke magana. Kwasar adashinta ta zo a watan, wadda ta yi niyyar fara tara wa ƙanwata kayan ɗaki da ita. Ta miƙo mini a ƙulle cikin leda.

Ranar da gasket ya iso, bayan mako shida, Kawu ya juya shi a hannunsa, ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya lanƙwasa gefensa kaɗan ya saki. Sannan ya ɗauko tof ɗin da aka dawo da shi daga wurin masu kankara, ya ja farcen babban yatsansa a kan fuskar. Na ji ƙaran, siriri, kamar ana jan tsinke a kan tabarma.

Ya ce, "Ka ji? Wannan abin naka ba zai kwanta a nan ba. Ba shi da nama."

Na ce, "Kawu, zamani ya wuce na kwali. Duk motocin da ake ƙerawa yanzu wannan suke sawa."

"Motocin yanzu," in ji shi. "Wannan ta yanzu ce?"

Na yi dariya, yaran gareji suka taya ni. Kawu bai ƙara magana ba. Ya ce tunda mota ta ubana ce, kuɗi na uwata, shi nasa ɗauri. Ya ɗaure.

Kwanakin farko na yi ta jin kaina a sama. Motar ta farka. Na matsar da taimin gaba, domin gas ya fi fetur jinkirin kamawa, sai ga Fijo tana hawa tudu da cikakken lodi ba ta neman giya ta biyu. A tasha aka fara nuna ni, wasu direbobi suna tambaya ko zan yi wa nasu. A kwana na tara na lura ruwan lagireto ya ɗan ragu. Na ƙara, na ce zafin gari ne. A kwana na goma sha biyu na sake ƙarawa. Ban gaya wa Kawu ba.

Ranar ta goma sha takwas na tarar da layi a gidan gas ya kai bakin titi, ga fasinjoji na jira a Kawo. Na ce abin da ke tulun zai kai ni, in ya ƙare in juya fetur, ai don haka aka bar tankin. Muka tashi bayan la'asar. A kujerar tsakiya akwai wata tsohuwa da jikanta, za ta kwana a wurin 'yarta don ta ga likita a Shika da safe. Mun wuce Maraban Jos da Birnin Yero lafiya. Kafin Jaji gas ya ƙare, na murɗa makunni. Da na taka totur a hawa na gaba sai na ji wani ƙara daga gaba, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana girgizawa. Na san sunansa, na san dalilinsa, na taɓa rubuta shafi biyu a kansa a jarrabawa. Matsi goma, taimin na gas, fetur, lodi, zafi, duk sun haɗu. Abin da ya kamata shi ne in tsaya in mayar da taimin baya, aikin minti biyar. Amma rana tana faɗuwa, kuma kowa ya san a shekarun nan ba a son tsayawa a hanya da magariba. Na ƙara sautin rediyo.

Ba mu yi nisa da Jaji ba allurar zafi ta haye ja. Farin hayaƙi ya turnuƙe daga salansa, mai wani irin wari na ruwan zafi da tsatsa. Injin ya fara rawa, ya mutu. Da ya ɗan huce na buɗe lagireto, na sa yaron tsohuwar ya murɗa mabuɗi, sai ga kumfa tana tasowa kamar ana hura ta da kara. Na zaro sandar awon mai, na ga baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. Wuta ta shiga ruwa, ruwa ya shiga mai. Ayyuka ukun nan duk sun rushe a lokaci ɗaya.

Na mayar wa fasinjoji kuɗinsu. Wani mai babbar riga ya faɗa mini maganganun da na cancanta. Ɗaya bayan ɗaya suka samu motoci suka tafi, amma tsohuwar ba ta iya tsayuwa a bakin titi tana tsayar da mota, kuma ba kowane direba ke son tsayawa a wannan lokaci ba. Na shimfiɗa mata dardumar Baba a gefen hanya. An yi magariba, an yi isha'i, duhu ya rufe, duk fitilar da ta ɓullo daga daji sai gabana ya faɗi. Da wani abokin Baba ya gane motar ya tsaya ya ɗauke su, ta dafa kafaɗata ta ce, "Ɗana, kada ka sa a ranka. Ƙarfe ne, ba ya faɗa maka ranar da zai gaji." Na sunkuyar da kai, domin na san wannan ƙarfen ya faɗa.

Kawu ya iso wajen ƙarfe goma na dare da igiya da wata tsohuwar a-kori-kura. Tun daga Jaji har Kaduna ina riƙe da sitiyarin motar da ba ta numfashi, ina kallon jar fitilarsa. Bai ce mini ai na gaya maka ba, a ranar ko bayanta. Da na shiga gida Umma tana zaune a tsakar gida da fitila. Ta ce, "An dawo lafiya? Alhamdu lillahi. Ga tuwonka can." Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Da safe na shiga gaida Baba. Tun da ciwon ya same shi maganarsa take fita a hankali, kalma bayan kalma. Ya ce, "Ta yi ƙara kafin ta tsaya?" Na ce ta yi. Ya ce, "Ta sha ruwa kafin nan?" Na ce ta sha. Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki, sannan ya ce, "To, ba ta ci amanarka ba."

Muka sake sauke tof. Kawu ya hana yara ɗaga shi sama kai tsaye, ya sa aka girgiza shi gefe har ya saki, ya kuma danne silindojin da wasu ƙarafa. A nan ya nuna mini abin da na sani a takarda ban taɓa ba shi muhimmanci ba. Silindojin 504 ba a jikin bulok aka huda su ba. Kowace bututu ce mai zaman kanta, wadda kanikawa ke kira silif, ana zura ta, ruwa yana kewaye ta kai tsaye. Dole bakin kowane silif ya ɗara fuskar bulok da kimanin kaurin gashin kai, kuma dole su huɗun su yi kai ɗaya, domin a kansu gasket ke cizawa. Na aro agogon awo daga wani abokin karatuna muka auna. Na uku ya nutse ƙasa da 'yan'uwansa. Shekara da shekaru gasket mai laushi yana cike wannan gibi ba wanda ya sani. Nawa na ƙarfe bai iya ba. A kan fuskarsa kuma ana ganin siraran layukan tsatsa inda ruwa ya riƙa bin sawun kankara yana tsiyaya, tun kafin daren Jaji. Fashewar fetur ta zo ta tarar da ƙofa a buɗe, ta ƙarasa.

Da daddare na buɗe takardar da ta zo tare da gasket ɗin. A sakin layi na biyu an rubuta cewa fuskokin biyu su kasance a miƙe, kaushinsu kuma wajen maikiron ɗaya ko ƙasa da haka, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Fuskar da farce ke kamawa ta wuce haka nesa. Na karanta wannan layi ranar da kayan suka iso. Idona ya bi ta kansa ya wuce, saboda na riga na biya kuɗi, na riga na yi wa Kawu dariya. An koya mana kaushin fuska a aji uku, na ci jarrabawar da kyau. Ilimin bai gaza ba. Na ɗauki rabin da ya yi mini daɗi, na bar rabin da zai sa in koma in ce wa bakanike ya fi ni gaskiya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji Hausawa, amma nawa ƙuƙumin da hannuna na ɗaura shi.

Duk da haka girman kai bai sake ni nan take ba. Na ce to a gwada jan ƙarfe, tunda akwai maƙeri a Panteka da ke yanka shi wa tsofaffin injinan niƙa. In an gasa shi ya yi ja ya huce yakan yi laushi, yana ɗaukar zafi, ba ya ƙonewa. Wannan karon na karanta har ƙarshe kafin in buɗe baki. Jan ƙarfe yana tsare wuta sosai ne in an yanka siririn kwari kewaye da bakin silinda an kwantar da waya a ciki don ta cije shi. Ruwa da mai kuwa yakan bar su su yi gumi, sai an haɗa da abin shafawa, kuma yana son a riƙa sake ɗaure shi. Wannan ya dace da injin tsere da ake buɗewa bayan kowace gasa. Motar da za ta yi Zariya sau uku a rana, da tsohuwa a kujerar tsakiya, buƙatarta daban. Na je na gaya wa Kawu na janye. Ya ce, "Madalla. Yanzu sai mu yi aiki."

Aikin da muka yi na mutum biyu ne, kuma a nan na ga inda karatuna yake da amfani. Kawu ya zare silif huɗun, ya canza shimfiɗun da ke gindinsu har bakunansu suka yi kai ɗaya, ni ina riƙe da agogon awo ina faɗa masa lamba. Zafi ya ɗan karkatar da tof, dole aka sake shafe fuskarsa kaɗan, kuma abin da aka kankare ba ya dawowa. Sai na koma ga sirinjina. Lissafi ya nuna in muka samu gasket na girafait mai kauri, wanda ya ɗara na ƙarfen da kusan milimita ɗaya, matsin zai sauko zuwa tara da 'yan kai: ya fi na asali, amma fetur zai iya jurewa ranar da gas ya yanke. Kawu ya shiga kasuwa da kansa, ya ƙi guda uku, yana duba zoben bakin ramuka yana matsa su da yatsa, kafin ya zaɓi na huɗu. Na yi alama biyu a jikin distiributo, ɗaya ta gas, ɗaya ta fetur. Na kuma roƙe shi ya daina barin yara suna kankare tsofaffin gasket a bushe suna shaƙar ƙurar, domin ba a san wanne ke da asbesto ba. Ya ce a riƙa jiƙawa.

Wajen ɗauri muka ɗan yi gardama. Kawu da sifana da guntun bututu yake ɗaure tof, hannunsa ne ma'auni. Na zo da sifana mai awo, wadda ke yin ƙas in an kai ƙarfin da aka sa mata. Ya ce shekara talatin bai taɓa buƙatarta ba. Na ce, "Kawu, ka bari mu gwada. Ka ɗaure biyu da hannu, in auna." Na farko ya faɗa daidai, har na ji kunya. Na biyu ya zarce. Ya dubi sifanar, ya dube ni, ya ce, "Kawo." Muka fara daga tsakiya muna zagayawa zuwa waje, zagaye uku, kowane zagaye da ƙarin ƙarfi, don gasket ya baje kamar yadda ake lallaɓa shimfiɗa daga tsakiya zuwa gefe. Muka wanke lagireto, muka juye mai sau biyu.

Na sha zama ina tunanin abin da ya kai ni. A jami'a na saba da jadawalin ƙarafa, inda kowane abu ke da lamba, kuma mai babbar lamba shi ne gwani. Da wannan ido na shiga kasuwa ina tambaya wanne ya fi ƙarfi. Kawu bai taɓa yin wannan tambaya ba. Shi fuskokin biyu ya duba, wadda ke sama da wadda ke ƙasa, da shekarunsu, da tabonsu, da irin injin kankarar da ake da shi a garinmu, da irin man da za a samu a hanya, sannan ya nemi abin da zai iya zama a tsakaninsu. Gasket ɗin ƙarfen nan ba jabu ba ne. A injin da aka goge fuskarsa kamar madubi zai yi shekaru ba a ji kansa ba. Ni na kai shi gidan da ba nasa ba. Tun daga lokacin, duk sa'ad da na ji ana cewa a kawo mana abin da ake yi a waje domin shi ne mafi inganci, ko a inji ko a wanin inji, sai in ji ƙaran farcen Kawu a kan alminiyam.

Gasket mai laushi yakan ɗan kwanta bayan ya sha zafi, don haka a tsofaffin injuna akan sake ɗaure tof bayan tafiyar kilomita wajen dubu. Ranar da lissafin ya cika na bar motar ta kwana a gareji don injin ya yi sanyi. Da sassafe Kawu ya miƙo mini sifana mai awo, wadda yanzu take rataye a cikin akwatinsa, ya ce, "Injiniya, bismilla." Wannan karon na ji sunan ya sauka daban. Na bi notocin ɗaya bayan ɗaya, yana tsaye a kaina, sannan muka sake saita bawul. Ruwan lagireto yana nan inda na bar shi.

Kuɗin Umma sai da na yi wata tara kafin in mayar, ba huɗu ba, kuma bikin ƙanwata sai da aka ɗaga shi zuwa bayan babbar salla. Har yau Golf suna wuce ni a wasu hawan. Kwanan baya ƙanena ya ce in ba shi faifan da ke bango ya kai wa 'yan gwangwan, ƙarfe ne mai kyau, za su saya. Na ce ya bar shi. Hoton digirin yana cikin akwati, Umma ta ce za ta sa a buga masa wata ƙusar a gefe. Kafin nan, kullum da asuba in na ɗauki mabuɗi, nakan buɗe gaban mota in duba ruwa, in zaro sandar mai in kalli launinsa, in tayar da inji in tsaya ina saurare, rediyo a kashe. Daga cikin ɗaki Baba ma saurare yake. In ya ji abin da bai gamsu da shi ba, yakan buga sandarsa a ƙofa sau biyu, ni kuma in kashe mota in shiga in ji.